Kotisol a Yawu da Sauyin Lokutan Shekara: Abin Lura a Gaya da Ajingi

Kotisol, wanda ake kira sinadarin damuwa, yana fitowa ne daga wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda, waɗanda ke zuba shi cikin jini bisa umarnin ƙwaƙwalwa, kuma wani kaso nasa yana ratsawa zuwa yawu, shi ya sa ake auna shi ba tare da allura ba. Yawansa yakan kai ƙololuwa minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, sannan ya riƙa sauka har tsakar dare.

Wani bincike da aka gudanar a Suwidin, aka wallafa a 2008, ya gano cewa kotisol ya fi yawa daga Fabrairu zuwa Afrilu, ya fi ƙaranci a Yuli da Agusta. Masana kan danganta irin wannan sauyi da hasken rana, domin a kudancin ƙasar wuni yakan tashi daga kimanin awa 7 a Disamba zuwa sama da 17 a Yuni.

Wannan bayani ba zai ɗauku a Gaya da Ajingi ba, inda tazarar da ke tsakanin wuni mafi tsawo da mafi gajarta ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Abin da ke raba lokutan shekara a nan shi ne zafin bazara, da aikin damina, da wadatar kaka. Agustan da Suwidin ke samun sauƙi shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yawaita, alhali yunwa da ciwo da aiki mai nauyi duk suna ɗaga kotisol. Ga kuma azumin Ramadan, wanda ke matsowa da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, yana sauya lokacin barci saboda sahur.

Hatta ɗibar yawun tana buƙatar kula, domin goro yana ɗauke da kafeyin mai ƙara kotisol, jinin dasashi bayan aswaki kuma yana gurɓata sakamako. Saboda haka, binciken da zai yi amfani a yankin dole ne ya bi mutane ɗaya fiye da shekara guda, ya ƙirga lokaci daga farkawa maimakon agogo, ya kuma rubuta abin da mutum ya ci, da aikin da ya yi, da ko yana azumi.