PLEDGE: KAFIN TA ZAMA MAGANAR BAKI, JINGINA CE



Dukkanmu mun san kalmar pledge. A taron ƙungiya ko na neman gudummawar masallaci, mutum zai karɓi makirfo ya ce ya yi pledge na dubu hamsin. A tafa masa, a rubuta suna. Sai a shekara ma'aji na bin sa a waya. To ko mun san asalin kalmar?

Daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci, wajen ƙarni na 14. A lokacin ba alkawari take nufi ba. Pledge shi ne mutumin da ya tsaya wa wani, ko kayan da aka ajiye a hannun mai bin bashi. Wato lamuni da jingina, kamar yadda a ƙauyukanmu ake jinginar da gona. A Ingila ta wancan zamani har tsari gare su mai suna frankpledge: a haɗa maza goma-goma, idan ɗaya ya yi laifi ya gudu, sauran su nemo shi ko a ci su tara. Daga baya ne ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da alkawari mai nauyi. Amma tsohon sawun bai ɓace ba. Har gobe Bature idan zai biya abin da ya alkawarta, redeem yake cewa, wato fansa. Me ake fansa in ba abin da aka jinginar ba?

Mu kuwa a firamare yawancinmu muka fara jin ta. A 1976 Farfesa Felicia Adedoyin ta rubuta alkawarin ƙasa, aka buga a jaridar Daily Times, gwamnatin Janar Obasanjo ta sa a riƙa karanta shi a makarantu. Mun haddace shi tun ba mu san fassararsa ba. Wataƙila tun daga nan muka ɗauka pledge abu ne da ake faɗa a wuce.

Jama'a, duk wanda ya yi pledge ya ajiye jingina, ko da bai cire sisi ba: sunansa ya ajiye. Kuma a kan maganarsa 'yan kwamiti suke cin bashin kujeru da lasifika da bugun mujalla. Idan bai biya ba, ɗalibi ɗan uwansa ne zai cike giɓin da kuɗin abincinsa.

In dubu biyu ce ƙarfinka, ka ce dubu biyu, babu kunya. In kuma akwai tsohon pledge a kanka, nemi ma'aji kafin a tafi hutu ka fanshi sunanka. Alkawari kaya ne.

Allah ya ba mu ikon cikawa.