Aikin Bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya

Mutane da yawa suna tsammani aikin malamin jami'a shi ne koyad da ɗalibai kaɗai, kamar yadda malamin elementare ya ke koyad da yara. Koyarwa kuwa rabin aikinsa ce. Sauran rabin shi ne bincike, watau neman sanin abin da ba a riga an sani ba, da gwada abin da a ke faɗi a ga ko gaskiya ne, sa'an nan a rubuta abin da aka samu don waɗansu malamai su duba su gyara. Wanda ya bi labarin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya zai ga binciken da ya fi amfani a cikinta shi ne wanda malamai suka fita daga ofis suka tafi wurin talakawa da tambaya.

An buɗe jami'ar ran 4 ga watan Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, aka sa mata sunan Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Shugabanta na fari shi ne Norman Alexander, Baturen ƙasar Niyuzilan. Cikin 1966 Dokta Ishaya Audu, likitan yara, ya gaje shi, shi ne ɗan ƙasa na fari da ya riƙe wannan muƙami. Jami'ar ta tarad da waɗansu wurare da suka daɗe suna aiki, aka haɗa mata su. Akwai gonar gwaji ta Samaru wadda Ma'aikatar Gona ta kafa tun 1922, da wurin kiwon dabbobi na Shika na 1928, da makarantar Kongo wadda aka fara cikin 1947 don horad da akawuna. Saboda haka tun ranar farko tana da gonaki da garken shanu da ma'aikata waɗanda suka san ƙasa.

Cikin shekarun nan malaman gona sun daɗe suna yi wa manoma gargaɗi iri ɗaya, cewa a shuka iri guda a gona guda, a jera shi layi layi, auduga kuma a shuka ta da wuri. Manoma su kan saurara da ladabi, amma in damina ta faɗi sai su koma yadda suka gada, gero da dawa da wake da gyaɗa duk a gona ɗaya, auduga kuwa sai an gama da abinci. Waɗansu ma'aikata suka ɗauka wannan taurin kai ne, ko kuwa jahilci.

Cikin 1965 wani Bature mai suna David Norman, masanin tattalin arzikin noma, ya kama aiki a Samaru. Shi da abokan aikinsa suka zaɓi ƙauyuka uku na Lardin Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka ajiye malamai a cikinsu shekara guda cur. Malaman nan suna zagaya gidaje suna rubuta ko wace gona, da abin da aka shuka cikinta, da yawan sa'o'in da aka yi ana aikinta, da abin da aka girba. Da aka tara lissafi sai aka ga eka ɗaya ta haɗin iri ta fi eka ɗaya ta iri guda kawo amfani in an ƙimanta shi da kuɗi. Aka kuma gane abin da ya fi ƙaranci ga manomin wurin shi ne hannuwan aiki a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai, sa'ad da ciyawa ba ta jiran kowa. Wanda ya haɗa iri huɗu a gona ɗaya, noma ɗaya ya wadace su duka. Gero ya kan nuna da wuri ya kori yunwar tsakiyar damina, dawa ta biyo baya, wake ya yaɗu a ƙarƙashi ya ba da abinci da harawa. In ruwa ya ɗauke wani iri ya lalace, wani ya tsira. Jinkirin shukar auduga kuma dalilinsa a fili ya ke, mai iyali ba ya barin gonar tuwo ya tafi gonar kuɗi.

Wannan bincike ya sake tunanin masana. Aka fara gwada sababbin iri a gonakin manoma kansu, tare da haɗin da suka saba, maimakon a gonar gwaji kaɗai. Daga baya irin wannan hanya ta duba gida da gona gaba ɗaya ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, ana kuwa lissafa aikin Samaru cikin waɗanda suka share mata fage.

Malaman tarihi su ma haka suka yi. A da, yawancin abin da aka rubuta da Turanci game da ƙasashen Arewa daga rahoton su Razdan da su Di'o aka ɗebo shi. Cikin 1962 H. F. C. Smith, wanda ya koyar a Jami'ar Badun, ya zo Zariya ya kafa sashen tarihi. Daga baya ya musulunta, aka san shi da suna Abdullahi Smith. Ra'ayinsa shi ne mutanen ƙasan nan sun rubuta tarihinsu da hannunsu, da Larabci da ajami, takardun kuma suna nan cikin gafakoki da adakoki a zaurukan malamai. Cikin 1964 aka kafa shirin binciken tarihin Arewa, aka shiga bin gari gari, daga Sakkwato har Barno da Adamawa, ana roƙon masu littattafai su ba da aro a ɗauki hotonsu a mayar musu. Wani ɗalibinsa, Murray Last, ya zauna Sakkwato yana karatu cikin littattafan Waziri Junaidu, ya fid da littafi a kan Daular Usmaniyya cikin 1967. Cikin 1970 aka mai da gidan Sardauna na Kaduna wurin ajiyar takardu da bincike, shi ne Gidan Arewa.

Ɗaliban da suka tashi a wannan sashe suka ƙara gaba. Yusufu Bala Usman ya zagaya ƙasar Katsina har Maraɗi yana tambayar tsofaffi, yana gwama abin da suka faɗa da abin da ke cikin takardu. Littafinsa a kan Katsina, wanda ya fito cikin 1981, ya nuna kuskuren masu cewa jihadi faɗan ƙabila ne tsakanin Fulani da Haɓe, gama an sami Hausawa da Fulani a ko wane ɓangare, abin da ya raba su kuwa ya shafi addini da mulki da haraji da zaman birni da ƙauye.

Kada mai karatu ya zaci ko yaushe bincike gaskata al'ada ya ke yi. Likitocin asibitin jami'ar sun lura mata masu jego da yawa suna zuwa da kumburin jiki da haki, zuciyarsu ta gaza, abin kuma ya fi yawa a lokacin zafi. Cikin shekarun 1970 Furofesa Eldryd Parry da abokan aikinsa suka bi sawun matan nan har gidajensu. Suka tarar cutar tana tafiya tare da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da yawan shan kunun kanwa. Kanwa tana da irin gishirin da ke riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Hanyar da ta wanke manomi daga zargi ita ce ta nuna al'adar da kakanni suka bari da kyakkyawar niyya tana iya halaka 'ya'yansu. A cikin shekarun nan kuma likitocin Zariya suka yi aiki mai yawa a kan sanƙarau da saran kububuwa.

Bincike abu ne mai cin lokaci. Cikin 1975, bayan farin da aka sha, kuturtar gyaɗa wadda darɓa ke yaɗawa ta cinye gonakin Arewa, manoma da yawa suka bar noman gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano kuma ba ta sake tashi ba. Masanan Samaru, tare da abokan aikinsu na waɗansu ƙasashe, sun yi shekaru fiye da ashirin suna barbarar iri da iri kafin su fid da gyaɗa mai nuna da wuri mai kuma jure cutar, irin da a ke kira Samnut. Haka aka yi da dawa da masara da wake da auduga. Daga Shika kuma aka sami kazar ƙwai mai jure zafin ƙasan nan.

Aiki mai daɗewa haka yana bukatar kuɗi da kwanciyar hankali, su kuwa ba kullum a ke samunsu ba. Daga 1986, sa'ad da darajar Naira ta faɗi, sayen littattafai da kayan gwaji daga waje ya yi wuya, malamai da yawa suka bar ƙasa, yajin aiki ya yawaita. Waɗanda suka tsaya suka ci gaba da abin da ya samu. Ga shi kuma gara da ɗigon ruwa ba su daina cin takardun da ke gidajen malamai ba, tsofaffin da suka san labarin garuruwansu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ke da rabonsa na aikin. Yana iya rubuta ranar da ya yi shuka da yawan dammunan da ya ɗaure, ya rubuta abin da kakansa ya gaya masa game da kafuwar garinsu, ya duba adakar littattafan gidansu kafin damina. In kuma wani malami ya zo daga jami'a da takarda da alkalami yana tambaya, ya gaya masa gaskiyar abin da ya sani, ya kuma tambaye shi yaushe zai komo da labarin abin da aka samu.