Abin da Ya Hana Nama da Cuku Haɗuwa a Tukunyar Gumel

Mutanen Italiya suna da wani abincin dare da ake jera taliya mai faɗi, a zuba niƙaƙƙen naman sa da miyar tumatir, a barbaɗa cuku, a tura cikin tanderu har samansa ya yi ja. Babu ɗaya cikin kayan haɗin nan da ƙasar Gumel ta rasa. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari, a bakin iyakar Nijar, maƙil take da shanu da raƙuma, ana loda su a tirela zuwa kudu. Cuku ma ba baƙo ba ne: Buzaye da Fulanin arewa sun daɗe suna daskarar da madara, su shimfiɗa ta fale-fale a kan asabari, rana ta busar da ita. Duk da haka girkinmu bai haɗa nama da cuku a kwano ɗaya ba, kuma a ganina rabon sana'a ne ya jawo hakan.

Tun zamanin da Mangawa suka kafa masarautar, wajen 1750, Gumel tana tsakanin Barno da Damagaram da Kano, fatake na ratsa ta, amma kowane kaya da hannun da yake bi. Nama na mahauta ne, a ƙarƙashin Sarkin Fawa, kuma gashi aikin maza ne a bakin kasuwa: tsire, balangu, kilishi. Madara kuwa ta matan Fulani ce, su ke kaɗa ta su fitar da man shanu, su ɗauko nono a ƙwarya zuwa Sule Tankarkar ko Gagarawa a dama da fura. Uwargida tana tsakiya da murhunta, wanda aka yi shi don tuwo da miya, wuta daga ƙasa kawai. Cuku shi kuma guzurin matafiyi ne, a ci da shayi ko a daka shi cikin fura. Da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa wajen 1930, sai saniya ta ƙara zama hajar fitarwa da ranta.

Wani zai ce talauci ne. To, ai fadar sarki da gidajen dillalan shanu ba su rasa nama ba, su ma ba su yi wannan girki ba. Addini ma bai hana ba. A dokar Yahudawa ne aka haramta haɗa nama da madara. Hujjar da ke da ƙarfi ita ce ta zafi, na kuma yarda da rabinta: cukun Parma na Italiya sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye, abin da zafin Afrilu a Gumel ba zai bari ba, shi ya sa namu busasshe ne, ba ya narkewa irin nasu. Sai dai zafi bai hana masu gurasa na Kano gina tanderu ba. Tanderun ne bai shiga madafin gida ba, ya tsaya a hannun masu sana'a.

Uwargidar da ke son gwada wannan girki a Gumel yau, naman sa na nan a ƙofar gida, amma cuku mai narkewa sai ta aika manyan kantunan Kano.