Shekarun Ƙanjamau: Ranar Da Muka Zauna Muka Auna Aikinmu

Tarihin shekara 50 na wannan ikkilisiya ba zai cika ba in ba a ambaci shekarun ƙanjamau ba.

A shekarar 1986 ne aka fara ba da sanarwar ɓullar cutar a Nijeriya. Mu a nan ƙasar Bichi da Tsanyawa mun ɗauka ciwon birni ne. Amma samarinmu suna zuwa cin rani Kano da Legas, sai ga waɗansu ana kawo su gida a rame, da tari da zawo. Gwajin mata masu ciki a asibitocin ƙasa ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, ya hau zuwa 5.8 a 2001. Magani kuwa babu. Sai a 2002 Gwamnatin Tarayya ta soma ba da maganin rage ƙarfin cutar, a manyan asibitoci kaɗan, kuma da kuɗi. Bai zama kyauta ba sai 2006.

Jinyar wanda kowa ke gudu ba baƙon abu ba ne gare mu, gama iyayenmu sun ga yadda mishan ta SIM ta lura da kutare a Yadakunya tun 1937. Saboda haka Zumuntar Mata suka tashi, suna bi gida gida da gero da sabulu, suna wanki, suna addu'a. Kowane wata magatakarda yana karanta rahoto: gidaje kaza aka ziyarta, mudu kaza aka raba. Mukan tafa, mu ce aiki yana tafiya.

Abu ɗaya ne ba mu yi ba: ba mu taɓa tambayar masu ciwon ba. Da muka ga waɗansu gidaje sun fara ɓoye majinyatansu, sai dattawa suka yarda a zauna bayan girbi tare da masu ciwon, da matan da mazansu suka rasu, da kakanni masu riƙon marayu, maza dabam, mata dabam. Aka zana kowane irin taimako a ƙasa, aka ba kowa ƙwayar gyaɗa ya ajiye a kan abin da ya fi amfane shi, domin wanda bai iya karatu ba shi ma a ji ra'ayinsa.

Abin da ya fito ya ba mu kunya. Na ɗaya, a ƙasarmu gida yana jikin gida, gona tana jikin gona. In mata suka shiga wani gida da anko, kafin yamma kowa ya san ciwon da ke ciki. Ziyararmu ita ce ke tona asiri. Na biyu, gero yana da kyau, amma abin da ya fi damunsu shi ne gonar da ciyawa ta cinye. Na uku, kuɗin mota zuwa asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala shi ne ke hana karɓar magani.

Daga nan muka gyara. Aka koma ziyartar kowane majinyaci ba tare da ware wani ciwo ba, mutum biyu kawai, ba anko. Matasa suka ɗauki gayyar noma. Aka keɓe baiko domin kuɗin mota. Cikin marayun da aka noma wa gona a lokacin, akwai masu iyali da ke zaune tare da mu yau.

Yanzu al'amura sun sake. Dokar 2014 ta hana nuna wa masu cutar bambanci, binciken ƙasa na 2018 kuma ya sami kashi 1.4. Wanda ke shan magani kullum yana noma, yana aure, yana haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Amma tsangwama ba ta ƙare ba.

'Ya'yana, duk aikin jinƙai da za ku yi nan gaba, ku zauna da wanda kuke yi dominsa, ku bar shi ya auna ku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ubangiji ya sa albarka. Amin.