Laka ko Cunkoso? Nazarin Muhalli da Lafiyar Mazauna Birnin Agadas

Tsakure

Wannan maƙala ta duba alaƙar yanayin gidaje da lafiyar mazauna Agadas. Ta ƙalubalanci ma'aunin da ke ɗaukar ginin laka a matsayin alamar mummunan muhalli. Ta hanyar lissafin iskar ɗaki, ta nuna cewa yawan masu kwana da toshe kafofin iska sun fi kayan gini tasiri wajen yaɗuwar cututtukan numfashi.

Gabatarwa

Ƙidayar 2012 ta ba Agadas mutum sama da 110,000, kuma tun daga lokacin garin bai daina faɗaɗa ba. Masu neman zinariya, da matafiya masu niyyar Libiya, da waɗanda aka koro daga Aljeriya, da makiyayan da fari ya raba da dabbobinsu, duk ɗaki suke nema. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, saboda gine-ginensa na laka da hasumiyar babban masallaci mai tsayin mita 27. Sai ga shi lakar da ake alfahari da ita a takardun tarihi, ita ce takardun kiwon lafiya ke lissafawa cikin alamun talauci. Wannan saɓani ne ya haifar da binciken nan.

Bitar ayyukan da suka gabata

Ƙa'idojin muhalli da lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 sun ambaci cunkoso, da sanyi ko zafin cikin ɗaki, da haɗarin rauni. Babu jayayya a kansu.

Inda ake da magana shi ne ayyukan Lucy Tusting da abokan aikinta. A 2017 sun tattara bayanan binciken gidaje daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, suka gano cewa yaran da ke gidajen zamani sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro a kan na gidajen gargajiya. A 2019, cikin mujallar Nature, sun nuna cewa ingantattun gidaje a yankin sun ƙaru daga kashi 11 zuwa kashi 23 cikin 100 tsakanin 2000 da 2015. Aiki ne mai nauyi, kuma adalci ne a faɗi cewa ma'auninsu na 2019 ya haɗa da ruwan sha da makewayi da yawan masu kwana a ɗaki. Sai dai a ɓangaren kayan gini, ma'aunin ya zuba bukkar kara da ginin soro mai kaurin bango a kwando ɗaya. Duk wanda ya shiga gidajen Katanga ko Obitara ya san ba abu ɗaya ba ne. Kuma abin da ya fi zama a kunnen masu tsara manufofi shi ne siminti da kwano, domin su ne ake iya ƙirgawa daga nesa.

Hujjar gwaji ma ba ta goyi bayan wannan fahimta yadda ake zato ba. A Gambiya, gwajin Kirby da abokan aikinsa na 2009 ya nuna cewa sanya raga a kafofin gida na rage sauro da ƙarancin jini ga yara. Amma gwajin da Margaret Pinder ta jagoranta, wanda aka buga a 2021, inda aka yi wa gidaje rufin kwano tare da raga, bai nuna raguwar zazzaɓi ga yara ba. Gambiya kuwa ƙasa ce mai laima da yawan sauro. Agadas na bakin hamada, ruwan da take samu a shekara bai taka kara ya karya ba, don haka tambayar da ta fi dacewa da ita ta iskar da ake shaƙa ce.

Hanyar bincike

An bi hanyoyi uku: nazarin rubuce-rubuce, da duba tsarin ɗakunan kwana a tsohon gari da unguwannin gefe, da lissafin kason numfashin da ake sake shaƙa bisa tsarin Rudnick da Milton na 2003. Lissafin mai sauƙi ne: a raba iskar da mutanen ɗaki ke fitarwa da sabuwar iskar da ke shigowa.

Sakamako

A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3. Iskar da ke cikinsa lita 36,000 ce. Babban mutum yana barci yana shaƙar kimanin lita 6 a minti, wato lita 360 a awa. Idan an rufe ƙofa, an cusa tsumma a taga, a ƙaddara cewa rabin iskar ɗakin ce kawai ke sauyawa a awa, lita 18,000 ke nan.

Mutum 3 a wannan ɗaki suna fitar da lita 1,080 a awa, don haka kashi 6 cikin 100 na iskar da suke shaƙa ta riga ta fito daga huhun mutum. Idan suka zama 10, kason ya koma kashi 20. Idan 15 ne, kashi 30. A bar mutum 10 ɗin yadda suke, amma a buɗe kafofi biyu masu fuskantar juna har iska ta sauya sau 6 a awa: kason ya faɗo ƙasa da kashi 2. Sau 6 ɗin nan ba buri mai nisa ba ne. Escombe da abokan aikinsa sun auna ɗakunan asibitoci a Lima ta ƙasar Peru a binciken da aka buga a 2007, suka samu cewa buɗe ƙofa da tagogi kawai na sauya iska kimanin sau 28 a awa.

Babu inda laka ko siminti suka shigo cikin wannan lissafi. Yawan mutane ne da ƙofar iska. Tarin fuka da ƙyanda ta wannan iska suke bi, sanƙarau kuma kusancin numfashi yake so. Binciken Hodgson da abokan aikinsa a arewacin Gana a 2001 ya danganta kamuwa da sanƙarau da kwana ɗaki ɗaya da mai cutar, da kuma shaƙar hayaƙin itace a madafa.

Kayan gini na da tasiri, amma ta bayan gida yake shigowa, kuma ba ta fuskar da ake zato ba. A bazara, lokacin da zafin Agadas ke haura digiri 40, yawancin mutane a tsakar gida suke kwana, iska na kaɗawa. Haɗarin na hunturu ne. Daren Disamba da Janairu na da sanyi mai ratsa ƙashi, ga ƙura. Bangon laka mai kauri, da rufin ƙasa da aka ɗora a kan itacen goruba, suna shan zafin rana su riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Kwano kuwa da faɗuwar rana yake hucewa. A ɗakin kwano za ka tarar an liƙe taga da kwali, an rataya bargo a ƙofa, an shimfiɗa tabarmi bango zuwa bango, ga kaskon garwashin da aka dafa shayi an bar shi a tsakiya don ɗumi. Yara na kwance kai da ƙafa, mai tari na cikinsu. Garwashi a rufaffen ɗaki na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ciwon kan da ake tashi da shi da safe sau da yawa daga nan yake. Ke nan ɗakin da ma'auni ya kira ingantacce ta fuskar kayan gini shi ne ke tilasta wa mazaunansa toshe iska.

Ba a ce ginin laka ba shi da aibi ba. Tagoginsa ƙanana ne, wasu ɗakunan ma ƙofa ce kaɗai. Amma gyaransa aikin magini ne na yini guda: kafa biyu a saman bango, masu fuskantar juna, a sa musu raga.

Lissafin ya fi muni a gidajen da ake kira geto, inda matafiya ke jiran motar Libiya. Bayan dokar 2015-36 ta hana safarar baƙin haure, wadda aka fara zartarwa da ƙarfi a 2016, sana'ar ta koma ɓoye. Gidajen suka ƙaura zuwa gefen gari, wasu kangaye ne da ba a gama ba, aka riƙa kulle mutane ciki don gudun idon hukuma. Dokar da aka yi domin iyaka ta ƙare da rage iskar ɗaki, ta kuma nesanta marar lafiya da likita. An soke ta a Nuwamba 2023, amma ƙarancin ɗakin haya bai tafi tare da ita ba. Abin takaici ne yadda ake tattauna wannan doka shekara da shekaru ba a kawo zancen huhun mutanen da ta shafa ba.

Batun ruwa

Za a ce laka na rushewa da damina. Gaskiya ne. A farkon Satumba 2009 korin Telwa ya yi ambaliya ya rusa dubban gidaje a Agadas, daminar 2024 ma ta taɓa tsohon garin. Amma ruwa hanyarsa yake bi. Gidan da aka gina a bakin kori, ko wanda aka daina yi wa yaɓe, indararonsa ya toshe, shi ke fara faɗuwa. Bayan ambaliya kuma masai ne ke cika ya gauraya da ruwan amfani, gudawa ta biyo baya, kuma wannan bai tambayi irin bangon gida ba.

Iyakokin binciken

Alkaluman sauyin iska da aka yi amfani da su ƙaddarawa ce, ba awo ba, kuma lissafin ya ɗauka iskar ɗaki a gauraye take daidai, alhali na kusa da mai tari ya fi shaƙa. Yara ma ba sa numfashi kamar manya. Waɗannan za su iya sauya girman lambobin, amma ba za su juya alƙiblarsu ba. Mai shakka zai iya rataya na'urar auna iskar da ake fitarwa a ɗakunan laka da na kwano daga Disamba zuwa Fabrairu, ya riƙa rubuta yawan masu kwana kowane dare, sannan ya gwada abin da ya samu da rajistar masu tari da ƙyanda a cibiyoyin lafiya na unguwannin.