Asirin mutum a kasuwar talabijin: Ingila, 2004

A shekara ta 2003, wani kamfanin shirye-shiryen talabijin na Ingila ya kai samari shida tsibirin Ibiza na ƙasar Sipaniya, domin su yi takarar neman soyayyar wata budurwa ƴar Meziko, Miriam Rivera, mai shekara 21. An yi wa wanda ta zaɓa alkawarin fam 10,000. Abu guda aka ɓoye musu: namiji aka haifi Miriam, daga bisani ta sauya jinsi, tana rayuwarta a matsayin mace. Sai a ranar ƙarshe aka tsayar da ita gaban kyamara ta faɗi haka da bakinta, waɗanda ba a zaɓa ba suka bushe da dariya. Samarin shida suka kai ƙara, aka sasanta da su da kuɗi, sannan tashar Sky One ta watsa shirin a Fabrairun 2004.

Cikin wannan shekara dai, tashar Channel 4 ta shigar da Nadia Almada, ƴar asalin Fotugal, gasar Big Brother, inda ake tara baƙin juna gida ɗaya ana ɗaukar hoton zamansu dare da rana. Ita ma ta sauya jinsi. Ƴan kallo sun sani, amma an bar mata zaɓin faɗa wa abokan zamanta, ta kuwa yi shiru. Makonni goma jama'a suna kallon raharta da fushinta, har suka ba ta nasara da ƙuri'unsu a watan Agusta.

Bambancin yana ga wanda ke riƙe da asirin. Miriam ta yarda ta shiga shirin, amma kamfanin ne ya tsara ranar tonon, kuma a kan wannan rana ya gina cinikinsa. An yaudari samarin, an biya su. Ita kuwa ta koma da tambarin abin dariya. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Miriam ta rasu a Meziko a 2019, tana da shekara 38. Sai a 2021 Ofcom, hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa labarai na Birtaniya, ta wajabta wa tashoshi kula da lafiyar waɗanda suke sakawa cikin shirye-shiryensu, shekara 17 bayan watsa shirin Ibiza.