Kakuri: Tarihin unguwar masaƙun Kaduna da halin da ta shiga bayan injuna sun yi shiru

Kakuri unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, tana maƙwabtaka da Makera da Barnawa da Nasarawa. A tsarin mazaɓu an kasa ta biyu, Kakuri Gwari da Kakuri Hausa, sunayen da ke nuna Gbagyi mazauna wurin na asali da kuma Hausawan da suka zo suka tarar da su. Abin da ya fitar da sunanta a Najeriya shi ne masana'antu, musamman masaƙu, waɗanda suka sa ake yi wa Kaduna kirari da Mancestar Najeriya.

Jirgin ƙasa ne ya fara ba wurin daraja. A wannan ɓangaren na kogi aka kafa babbar tashar da layin Legas zuwa Kano ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal. Audugar da ake gurzawa a Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Zariya tana iya isowa cikin sauƙi, ga ruwan kogi a kusa, wanda rini da wankin yadi ba sa yiwuwa sai da shi, ga kuma fili.

A 1957 masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ta fara aiki. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ita ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila. Manufar a fili take: a daina loda auduga zuwa Turai a dawo ana sayen yadin da aka saƙa da ita da tsada. Da akoko masaƙar ta fara. Cikin shekaru goma wasu suka biyo baya, har da Nortex, da United Nigerian Textiles, wato UNTL, wadda attajirin Hong Kong Cha Chi-ming ya kafa a 1964, da Arewa Textiles mai jarin Japanawa.

Ba saƙa kaɗai ba. Kamfanin giya na Nigerian Breweries ya buɗe reshe a Kakuri a 1963, aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan. Fijo 504 ɗin da ta zama motar hukuma a duk faɗin ƙasar, daga wannan unguwa take fitowa.

Rayuwa a kan agogon masaƙa

Masaƙa ba ta barci. Aikin karɓa-karɓa ake yi, safe da yamma da dare, kuma wannan agogo ne ya tsara rayuwar unguwar. Lokacin canjin aiki tituna kan cika da kekuna, masu tuwo da masu shayi da masu ƙosai su jeru a bakin ƙofofi, mai shago ya ba da bashi ya jira ƙarshen wata domin ya san albashi na tafe. Masu filaye suka gina gidajen haya masu ɗakuna a jere suna kallon juna, banɗaki ɗaya, madafa ɗaya. A irin waɗannan gidaje Bahaushe da Batibi da Ba'idome da Ba'igale da mutumin Kudancin Kaduna da Bayarabe da Ibo suka zauna, 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki ko da iyayensu ba su iya ta sosai ba. Kasuwar Litinin ta Kakuri ta haɓaka da kuɗin waɗannan ma'aikata, asibitin St. Gerard na ɗarikar Katolika kuma ya zama wurin da mai coci da mai masallaci ke kai marasa lafiyarsu.

Cuɗanyar ta fi bayyana a ƙungiyar ƙwadago. A 1978 aka haɗe ƙananan ƙungiyoyin masaƙu cikin ƙungiya guda ta ƙasa, ta ma'aikatan masaƙu da maɗinka, kuma a Kaduna ta kafa hedikwatarta. Adams Oshiomhole, ɗan ƙasar Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki. Ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa daga 1999, daga bisani ya zama gwamnan jiharsa. A taron ma'aikata ba a tambayar mutum addininsa kafin a ba shi dama ya yi magana, domin albashi da alawus da lokacin hutu sun shafi kowa.

Bai kamata a ɗauki zamanin kamar aljanna ba. Ƙarar injuna na kurumtar da mutum, ƙurar auduga na cin huhu, kuma ruwan rini kan bi magudanan Kakuri da Makera ya zube a kogi, inda masu lambu ke ban ruwa da shi.

Yadda zaren ya tsinke

Durƙushewar ba ta zo rana ɗaya ba. Tun farkon shekarun 1980 faɗuwar farashin man fetur ta jawo ƙarancin kuɗin waje, kayan gyaran injuna da sinadaran rini suka yi wuyar samu. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya rasa tabbacin iri mai kyau da na farashi. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, masaƙu suka koma kan janareta da baƙin mai, wanda shi ma samunsa ya dogara da matatar Kaduna mai yawan tsayawa. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi daga waje. Ko bayan an mayar da haramcin, atamfar Sin mai arha ta ci gaba da kwararowa ta iyakokin Nijar da Benin, sau da yawa ɗauke da zane da tambarin masaƙun gida na jabu. Ga kuma tsofaffin injuna da raunin shugabanci, musamman a KTL, wadda mallakarta ta koma hannun jihohin Arewa 19, kowace na jiran 'yar'uwarta ta zuba kuɗi.

KTL ta rufe a Disamban 2002. Cikin shekaru uku Nortex da Finetex da Arewa Textiles suka bi sahu. UNTL, babbar cikinsu, ta tsaya a 2007, ta sallami dubban ma'aikata. An sake buɗe ta a 2010 da rance daga asusun naira biliyan 100 da Bankin Masana'antu ke kula da shi, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba.

Rufe masaƙun ya zo daidai da lokacin da Kaduna ke cikin mummunan hali. Rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ya ci aƙalla rayuka 2,000 a ƙiyasin Human Rights Watch, na gasar sarauniyar kyau ya biyo baya a Nuwamban 2002. Jama'a suka yi ta ƙaura, Musulmi akasari zuwa arewacin kogi, Kirista zuwa kudu. A daidai lokacin da garin ya fi buƙatar wurin da mabiya addinan biyu za su riƙa haɗuwa kullum dole, a lokacin aka sa wa ƙofofin masaƙu kwaɗo.

Bashin da ya rage

Mafi ɗacin abin shi ne haƙƙin ma'aikata. Waɗanda KTL ta sallama sun kwashe fiye da shekaru 15 suna zanga-zanga, suna kai takardu ga Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, suna neman kuɗin sallamarsu. Da yawa sun mutu suna jira, matansu suka gaji fafutukar. Wasu sun koma acaɓa ko gadi ko ƙaramar sana'a, wasu sun tattara sun koma garuruwansu, wasu kuma ba su da ko kuɗin motar komawa. Masu gidajen haya da masu abinci da teloli, waɗanda ba su taɓa shiga rajistar kowane kamfani ba, babu ma wanda ya lissafa asararsu.

Kakuri ba ta zama kufai ba. DICON na aiki, Kasuwar Litinin na ci, garejoji da shagunan walda sun cika gefen tituna. Amma gine-ginen masaƙun na nan tsaye ciyawa ta rufe harabarsu, kuma kusan kowace sabuwar gwamnati sai ta aiko da tawaga ta zagaya su, a ɗauki hoto, a yi alƙawarin farfaɗowa. Yaron da aka haifa a Kakuri a shekarar da KTL ta rufe ya haura shekara 20 yanzu, bai taɓa ganin ma'aikatan dare suna fitowa daga ƙofarta da asuba ba.